Murna Ba Za Ta Shiga Aji Bana Ba

Samaru, Zariya.

'Yata Alheri,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu. Ina fata kina lafiya, kin fara sabawa da abincin makarantar kwana, kuma ba a ba ki gado kusa da ƙofa ba. Allah ya tsare ki daga zazzaɓi da muguwar abota, ya sa siniyoyinki su zama masu tausayi, ya buɗe miki kai a aji. Babanki ne zai kawo miki wannan takarda ranar ziyara. Na liƙe ta, amma ko ya buɗe a hanya ban damu ba, don babu abin da ke ciki da ban faɗa masa a gabansa ba.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Maganar ranar Lahadin nan ce kafin ki tafi. Kin tuna Gwaggo Rifkatu ta biyo mu gida bayan an tashi daga coci, ta ce tunda Murna ta cika shekara uku lokaci ya yi da za a ba ta ita, ta riƙa kwana a gidanta a Sabon Gari tana zuwa makarantar nazaren da take da ita, ranar Juma'a a dawo da ita. Na ce a'a. Babanki, wanda ba ya son ya tsaya tsakanin yayarsa da matarsa, ya juya gare ki ya ce ke kin ɗanɗana duka biyun, me kika gani? Kika sunkuyar da kai kika ce:

"A kai ta, Baba. Kada ta sha kunyar da na sha."

Na tashi na shiga kicin. Kin ɗauka fushi na yi. Ban yi fushi ba, gaskiyarki kika faɗa. Sai dai rabin labarin kika sani, don sauran rabin ya faru kina ƙarama ƙwarai. Ga shi nan duka. Kuma tun yanzu ki sani, ban rubuto don ki janye maganarki ba. Ko kin janye ko ba ki janye ba, Murna ba za ta tafi ba.

Kuskurena na farko shi ne na kai ki makaranta saboda hoto. Kin san halina da littattafan soyayya, tun ina budurwa nake hayar su a kasuwa, har zuwa yanzu da suka koma cikin waya. A cikinsu ɗan jaruma kullum fari ne tas, yana shekara uku yana zuba Turanci, baƙi suna riƙe baki. Lokacin muna zaune a Unguwar Gabas, kusa da Gwaggonki, kuma kowane falo na shiga sai na ga hoton yaro da doguwar rigar nan ta gama nazare da hula mai tunku. Ni ma na so nawa a bango. Ba ki cika uku ba na ɗinka miki yunifom na miƙa ki.

Na sha leƙa ajinku ta taga. Kuna jere a kan benci, ƙafafunku ba sa taɓa ƙasa, hannu a naɗe a ƙirji. Malama ta faɗa ku amsa, ta faɗa ku amsa. Kin haddace sunayen jihohi da manyan biranensu tun ba ki iya faɗin kina jin fitsari a kan lokaci ba. Idan baƙo ya zo sai in tsayar da ke a tsakiyar ɗaki ki rera masa, ni ina gefe ina jin kaina kamar matar da ke cikin littafi.

Sai aka fara ba ku aikin da za ku yi a gida. Shafi guda na lambobi, shafi guda na baƙaƙe. Yatsunki ba su kai su riƙe fensir ba, sai ki damƙe shi kamar muciya. Ki yi kuka, in yi tsawa, wata rana har na buge miki hannu da bayan mataji. Maman Ebuka maƙwabciyarmu, mai shagon kayan masarufi a unguwar PZ, ita ta leƙo ta same mu a haka. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Amarya, ke kaɗai ce ba ki sani ba a gidan nan?" Ta karɓi fensirin da hannun hagu, ta zana lambobin a karkace, ɗaya ya hau kan layi ɗaya ya faɗo ƙasa, sak rubutun yaro. Ashe haka kowace uwa take yi. Daga ranar na shiga sahu. Da yamma idan an sauke tukunya sai mu zauna a baranda, manyan mata da 'ya'ya, kowacce ta lanƙwasa hannun hagu tana rubuta ɗaya zuwa hamsin, ku kuwa kuna can kuna wasa da murafun kwalba. Har gasa muke yi. Maman Ebuka takan ce nawa ya cika kyau, in ɗan ɓata shi kada a gane.

A ƙarshen zangon kika zo ta ɗaya. Aka ba ki kyautar farantin roba, Gwaggonki tana ɗaga littafinki tana nuna wa iyaye. Da na je ɗaukar ki sai malamarku, wata yarinya mai fara'a, ta matso kusa da kunnena ta ce, "Maman Alheri, hannunki na hagu yana ƙara kyau fa." Muka yi dariya tare. Sai a hanyar gida abin ya tsaya mini a rai. Malama ta sani, iyaye mata sun sani, ku yara kun ga ana yi. To wa muke ruɗa? Ubanninku kawai, da kanmu.

Don haka ki ji ni da kyau. A inda kike yanzu za ki ga masu kwafar aikin wasu, za ki ga siniyar da za ta ba ki littafinta ki rubuta mata, za ki ga ƙawar da za ta ce ki matso da takardarki a jarrabawa. Kada ki karɓi makin da ba naki ba, kada ki ba wani naki. Idan kika kawo mini talatin naki na kanki, na san inda zan taimake ki. Idan kika kawo casa'in na aro, kin rufe mini ido kin rufe wa kanki. Ni na ci farantin roba da hannun hagu, na san ɗanɗanonsa.

Ba wannan ne ya sa na cire ki ba. Abin da ya sa shi ne kin daina tambaya. Ke da kike damuna da me ya sa kaza ba ta fitsari, me ya sa wata yake bin mu, sai kika yi tsit. Kullum da safe cikinki yana ciwo, ranar Asabar kuwa garau. Wata rana na same ki a bayan ɗaki kin jera gwangwanayen madara, kina bin su ɗaya bayan ɗaya da tsinken tsintsiya kina ce musu daƙiƙai. Kalmar ba a bakina kika ji ta ba. Ana cikin haka Babanki ya sami aiki a gonar gwaji a nan Samaru, muka tashi. Na fake da nisa na ce ba zan iya kai ki Sabon Gari kullum ba. Gwaggonki ta san ba nisa ba ne, kuma tun daga lokacin take kallona a matsayin wadda littafi ya juya wa kai.

A nan Samaru na haɗu da Malama Hannatu. Ba lalle ki tuna ta sosai ba, tsohuwar malamar firamare ce da ta yi ritaya, mai gida da bishiyar mangwaro a bayan kasuwa. Tana tara yara kaɗan da safe, manya da ƙanana a haɗe. Ba benci, ba allo, ba bulala. Katakai ne a jere ƙasa-ƙasa daidai tsayin yaro, a kai akwai faifai da wake da masara a gauraye, tire da yashi, buta da kofuna, tsohuwar riga mai maɓallai, tsintsiya 'yar ƙarama. Yaro ya shigo ya gaishe ta, ya ɗauki abin da ransa yake so, ya zauna da shi har ya gaji, ya mayar inda ya ɗauko. Ita tana kan kujerar tsugunno tana kallo, da wuya ka ji muryarta. Ranar farko na ga wata yarinya tana zuba ruwa daga buta zuwa kofi, ta mayar, ta sake zubawa, har na ƙosa a madadinta. Na tambayi Malama yaushe za a fara karatun. Ta ce ai an fara, hannun da ya iya zuba ruwa bai zubar ba shi ne zai riƙe fensir ba kuka. Na lura kuma idan ta ga yaro ya daɗe yana shafa yashi da yatsa, sai ta matso a hankali ta zana masa baƙi ɗaya, ta faɗi sautinsa, ta koma kujerarta. Ba ta ce ya maimaita ba. Shi da kansa zai yi ta zanawa.

Kin yi 'yan watanni a wurinta, cikinki ya daina ciwo, tambayoyinki suka dawo har da ƙari. Sai ciwon ƙafa ya matsa mata, ɗanta ya zo ya tafi da ita Jos. Ni kuma na ce ai na ga yadda ake yi, zan yi da kaina a gida.

Nan ne kuskurena na biyu, kuma shi ne ya jawo miki kunyar da kika ambata. Aikin Malama Hannatu kashi biyu ne, barin yaro ya zaɓa da zuba masa ido. Na ɗauki na farkon don ya yi mini daɗi, na bar na biyun don yana da wuya. Na sayi tire na zuba yashi, na ajiye miki wake a faifai, na shimfiɗa tabarmata a inuwa na buɗe littafi a waya. Jikina yana Samaru, raina yana wani katafaren gida a Abuja inda wani mai kuɗi yake roƙon wata ta yafe masa. Sau nawa kika zo da tirenki kika tsaya a kaina, na ce bari in gama wannan babin? Babin kuwa ba ya ƙarewa. A zumuntar mata idan an tambaye ni me ya sa ba kya zuwa makaranta, sai in gyara zama in ce sabuwar hanya nake bi, yaro ne ke jan gaba. Ke kina jan gaba, ba kowa a bayanki.

Haka kika kai shekara shida. Ranar bikin yara a coci malamin makarantar Lahadi ya raba muku ayoyi a 'yan takardu, bai tambaya ba, ya ɗauka duk mai shida ta iya. Aka kira ki gaba. Kika riƙe takardar da hannu biyu kina kallonta, kina kallona. Yara suka fara ƙus-ƙus, wani ya yi dariya a fili. Gwaggonki ta zo takanas daga Sabon Gari ranar, tana zaune a layi na biyu, ba ta ko juyo ba, ƙeyarta kawai nake gani. Kika sauko kika cusa kai a zanena.

Alheri, wannan kunyar ni na jawo miki ita, kuma na roƙe ki gafara tun kina ƙarama, ina sake roƙo yanzu da kika yi hankali. Amma ba zan yarda a ɗora ta a kan hanyar Malama Hannatu ba. Yaran da suka daɗe a hannunta duk sun yi karatu lafiya. Lalacina ne. Idan na bari aka ce hanyar ce ba ta da kyau, na sami wurin ɓuya ke nan, Murna kuma ta biya bashin abin da ban yi ba.

Ke ma yanzu an ba ki irin wannan sakewar. Ba ni a kanki, ba Babanki. Lokacin karatun yamma ba wanda zai san ko littafin lissafi ne a gabanki ko wani abu kika ɓoye a cikinsa. Duk abin da aka koya miki, ki duba ɓangaren da ya fi wuya ki fara riƙe shi, don mai daɗin ba ya buƙatar a tuna miki. Ban ce ki bar mafarki ba. Ni har gobe ina karanta littattafaina, duk da surutun da ake yi cewa su suka lalata ni, kuma ba zan bari ba. Na dai koyi cewa suna da lokacinsu, kuma lokacin ba safiya ba ne.

Ki tuna kuma yadda kika koyi karatun, don shi ne hujjata. Bayan ranar cocin nan Gwaggonki ta ce a kawo ki ta gyara ki da bulala cikin wata guda. Na ƙi. Na kulle waya a durowa, na zauna a ƙasa ina kallonki kamar yadda ya kamata in yi tun farko. Ban daɗe ba na gane abin da kike so a duniya labari ne. Sai na ɗauko tsofaffin littattafaina na takarda, bayan abincin rana in karanta miki da ƙarfi, kina kwance a cinyata. Idan na zo inda saurayi ya fara zuba kalamai sai in tsallake. Ke kuwa idonki yana kan yatsana. Wata rana kika riƙe mini hannu.

"Mama, me ya ce mata a nan?"

"Ya ce ta gaida mutanen gida."

"Duk shafi biyun nan gaisuwa ce?"

Na ce mutumin yana da ladabi ƙwarai, idan kuma ba ki yarda ba ki koyi karatu ki duba da kanki. Washegari ke kika ɗauko tiren yashi kika ajiye a gabana. Baƙi ɗaya nake nuna miki, ki tafi da shi ki yi ta nemansa a jikin buhun iri na Babanki, a gwangwanin tumatir, a littafin waƙoƙin coci. Idan mun shiga PZ sayayya sai tafiya ta gagara, kin tsaya a gaban kowane shago kina haɗa abin da aka rubuta a sama, masu shago suna yi miki tafi. Kafin damina ta wuce sai da na kwashe littattafan nan na kulle a akwati na ɗora saman wadirob. Ba a buge ki ko sau ɗaya ba, ban kama hannunki ba. Kin shiga firamare a makare, na sani, kin fi 'yan ajinku tsawo, har suna kiran ki uwar aji. Wannan ma ya yi miki ciwo. Amma ba ki taɓa dawowa gida kin ce kin tsani littafi ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka yi miki dariya a coci yau sai an bi su da tsawa suke buɗe shi.

Kuskurena na uku girman kai ne, kuma a nan Gwaggonki ce ke da gaskiya. Da kika kai aji uku sai jadawalin sau na lissafi ya tsaya miki. Na dage cewa ba za a sa ki hadda ba, za ki gano shi da kanki da ƙwayar wake. Kin gane ma'anarsa sarai, kin san bakwai sau takwas tsibi bakwai ne kowanne da takwas. Amma a jarrabawa kina can kina ɗiga ɗigo a gefen takarda kina ƙirgawa har aka karɓe. Da dogon hutu ya zo Babanki ya kai ki Sabon Gari ba da son raina ba. Gwaggonki ta zaunar da ke kullum da safe kuna rerawa, ta tambaye ki a tsakiyar cin abinci, ta tambaye ki kina wanka. Kika dawo yana bakinki kamar sunanki, kuma kina murna da shi. Maimakon in je in gode mata sai na ce ai dama lokacinki ne ya yi. Maganar kuma ta kai kunnenta.

Akwai abin da sai an maimaita yake zama, kuma ba kowane abu ne yaro zai zaɓa da kansa ba. Wannan na koya daga Gwaggonki. Ke ma a makaranta za ki haɗu da malamar da ba kya so, mai tsawa, mai ɗaure fuska. Idan abin da ke hannunta mai kyau ne ki karɓa, ki kuma ce na gode da bakinki, kada ki yi irin tawa. Amma ki lura da abu ɗaya. Haddar ta zauna miki ne don kina da shekara tara kuma kin riga kin taɓa lambobin da hannunki. An zuba ta a inda akwai wurin zama. Irin wannan haddar ce aka ɗura miki kina da uku, ta jihohi da birane, yau ko rabinta ba ki riƙe ba sai da kika sake koya. Ni ba da makaranta nake faɗa ba, ba kuma da Gwaggonki ba. Da gaggawa nake faɗa.

Kada ki ɗauka muguwa ce. Na san abin da ke kanta. Idan ba ta ba ɗan shekara uku aikin gida ba, iyaye za su ce ba a koyar da komai, su kwashe 'ya'yansu zuwa makarantar da ke gaba. Matan sojoji na barikin Basawa har gwada littattafan 'ya'yansu suke yi, wadda shafin ɗanta bai cika ba ta je ta yi faɗa. Mu iyaye mu muke neman abin, ita tana sayar mana. Ni dai na daina saye.

Da za ki ga ƙanwarki da safe yanzu. Tana ɓare gyaɗa tana ware masu ƙwari gefe. Ta iya saka maɓallin rigarta, ta ƙi a taimaka mata ko za mu makara. Jiya ta gano cewa ƙaramin kofi sau biyu yana cika babba, ta yi ta gwadawa har ta jiƙe jagab, ina zaune a gabanta, ba waya ba littafi. 'Ya'yan maƙwabta biyu suna shigowa su yi tare. Ba ta san babban birnin ko jiha ɗaya ba. Ta san sunan kowace bishiya daga gida zuwa kasuwa, kuma ba ta barina in huta da tambaya. Wannan yarinyar ce ake so in ɗauka in ɗora a benci ta naɗe hannu, ta kwana nesa da ni? A ce mini mai taurin kai, a ce mini 'yar littafi, duk na ji.

Bayan tafiyarki Gwaggonki ta ɗauki maganarki a matsayin an gama. Ranar Talata Babanki ya dawo aiki da leda a hannu, ya ajiye a kan kujera. Na buɗe, yunifom ne sabo, shuɗi, daidai Murna, har da safa. Na ninke na mayar cikin ledar na ce gobe zan kai mata abinta. Ya daɗe yana shafa kai, sannan ya ce shi fa ba zai iya kallon idon Yaya ba, ita ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Na ce ba sai ya kalla ba, ni zan kalla. Na tambaye shi ko ya hana ni. Ya ce bai hana ba, bai kuma aike ni ba. Na ce hakan ya ishe ni.

Na goya Murna muka hau bas zuwa Sabon Gari. Tun daga bakin titi nake jin muryoyin yara suna amsa wa malama. Na same ta a ɗan ofishinta. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta yadda ya kamata, na ajiye ledar a kan tebur. Ta dubi ledar, ta dube ni.

"'Yarki da bakinta ta ce a kawo ta," in ji ta.

"Alheri ta faɗi abin da ta sha ne, Yaya. Ni na ba ta ta sha, kuma na san inda na kauce."

"Idan wannan ma ta tsaya a gaban coci baki a rufe fa?"

"Ranar ki zauna a layin farko, Yaya. Idan ta kasa, ki tashi ki faɗa wa kowa laifina ne."

Ta ce ƙaninta ya auro wa kansa aiki. Na ce haka ne. Sannan na faɗi abin da ya kamata in faɗa tuntuni, na ce na gode da jadawalin da ta koya miki, da ba don ita ba da ba ki ci jarrabawar shiga makarantar nan ba, kuma idan Murna ta isa hadda ita zan kawo wa da ƙafata. Murna ta sauka daga bayana ta sami kwalin alli a ƙasa, ta zauna tana jera su daga dogo zuwa gajere. Gwaggonki ta daɗe tana kallonta. Daga baya ta zaro rigar daga leda, ta juya bakinta na ƙasa tana dubawa, ta buɗe durowa ta saka.

"Na sa tela ya bar ninki mai yawa," ta ce. "Ko bayan shekara biyu a warware zai shige ta. Ku tashi ku tafi, ina da aiki."

Ba ta raka mu ba, ba ta kuma aiko da gaisuwa ba har yau. Ban sani ba ko za ta zo mana Kirsimeti. Idan kin dawo hutu ki je ki gaishe ta, ki kwana biyu a wurinta, faɗan ba naki ba ne. Amma kafin ki tafi ki ba ni safiya ɗaya, ki zauna a ƙasa ki kalli ƙanwarki ba tare da kin ce mata komai ba. Bayan nan idan har yanzu kina ganin a kai ta, ki faɗa mini a fuskata kamar yadda kika faɗa a gaban Babanki. Zan saurare ki har ƙarshe. Ba zan kai ta ba, amma zan yi alfahari da 'yar da ba ta jin tsoron gaya wa uwarta abin da ta gani.

Ki riƙa shiga gidan sauro, ki daina ba da sabulunki aro, kada ki bar addu'ar safe ko an makara. Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki, ya tsare lafiyarki da hankalinki, ya dawo mini da ke gida lafiya. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Rahila.